KAMA DA WANE BA TA WANE: Shin Tagwaye Masu Kama Ɗaya Komai Nasu Ɗaya Ne?

A faɗin ƙasar Hausa babu haihuwar da ke tara jama'a kamar ta tagwaye. Birni ne ko ƙauye, daga Tungar Daji ta ƙasar Anka har zuwa Bukkuyum da Gummi, da zarar an ce wance ta sauka ta samu 'yan biyu, sai ki ga gida ya cika da 'yan barka, kowace tana leƙe ko za ta iya bambance Hassana da Hussaina. Tun kafin ranar suna kowa ya san sunayensu, kai har wanda zai biyo bayansu an san Gambo ne. Sunayen nan kuwa albarkacin jikokin Manzon Allah (SAW) ake sa su, duk da cewa su ba tagwaye ba ne, domin an haifi Hassan a shekara ta 3 bayan hijira, Hussaini kuma a ta 4.

Tare da wannan murna akwai zantuka da yawa da muka gada. Ana cewa tagwaye suna da kofi, kunama ba ta harbinsu, in ɗaya ya kwanta ciwo dole ɗayan ya bi shi, in an yi wa ɗaya abu ba a yi wa ɗayan ba to an jawo wa kai. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai tunani guda, wato tagwaye mutum ɗaya ne aka raba biyu. Da gwajin DNA ya shigo, sai wasu suka ce ai ga shi nan likitoci ma sun tabbatar. To shin haka abin yake? Amsar tana da muhimmanci ga uwa, domin ta shafi yadda za ta kula da cikinta, da yadda za ta ba yara magani, har ma da inda za ta bar su su yi rarrafe.

Tagwaye iri biyu ne

Iri na farko, wanda ya fi yawa a wajenmu, shi ne inda mace ta saki ƙwai biyu a wata guda, kowane ƙwai ya haɗu da tasa ƙwayar maniyyin. Waɗannan wa da ƙane ne kawai da Allah Ya haɗa su zama a mahaifa lokaci ɗaya. Suna iya zama mace da namiji, ɗaya fari ɗaya baƙi, ɗaya dogo ɗaya gajere. Don haka duk inda kika ga Hassan da Hussaina, to daga ƙwai biyu suke, komai kamar da suka yi. Irin wannan haihuwa tana bin dangi, musamman ta wajen mace, kuma tana ƙaruwa ga matan da suka ɗan manyanta ko suka yi haihuwa da yawa. Garin Igbo-Ora da ke Jihar Oyo ya yi suna a duniya a kan haka. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Wani bincike da likitoci biyu, Rehan da Tafida, suka buga a 1980 a kan matan Hausawa da suka haihu a asibitin haihuwa na Katsina, ya sami tagwaye kusan 40 cikin kowace haihuwa 1000, ko da yake lissafin asibiti yakan ɗan haura na gari, tunda haihuwa mai wuya ce aka fi kai wa can.

Iri na biyu shi ne inda ƙwai ɗaya ya haɗu da ƙwayar maniyyi ɗaya, sannan cikin ikon Allah ya rabe biyu a kwanakin farko. Waɗannan su ne masu kama ɗaya, kuma ko dai maza biyu ne ko mata biyu. Yawansu kusan ɗaya ne a ko'ina a duniya, wajen 3 zuwa 4 cikin haihuwa 1000, kuma galibi ba ya bin dangi. A kansu ne tambayarmu take.

Mene ne DNA ɗin?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kimanin tiriliyan 30. A cikin kusan kowane nau'in ƙwaya akwai wani dogon zare mai ɗauke da bayanin yadda za a gina mutum, launin fatarsa, rukunin jininsa, siffar hancinsa da sauransu. Shi ne DNA, mu kira shi kundin gado. An rubuta shi da haruffa iri huɗu kacal, an ɗaure shi dami 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. Kason uwa yana da haruffa wajen biliyan 3, haka ma na uba. A 1953 ne masana a Ingila suka gano siffar wannan zare.

Tunda tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suka fito, da kundi guda suka fara. Shi ya sa rukunin jininsu ɗaya ne, nau'in jininsu ma ɗaya, in ɗaya AS ne to ɗayan ma AS ne. Shekaru da yawa a nan littattafan makaranta suka tsaya, suka ce komai nasu ɗaya ne.

Amma ki yi tunanin magatakarda da aka ba shi littafi mai haruffa biliyoyi ya kwafa da hannu, daga kwafin nan a sake wani kwafi, haka har sau ba adadi. Komai ƙwarewarsa, sai an sami inda alƙalami ya zame. Haka jiki yake yi, duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi kundin gaba ɗaya, kuma jefi-jefi harafi yakan sauya. In sauyin ya faru a kwanakin farko, yana iya tafiya da ɗaya daga cikin tagwayen ya bar ɗayan.

A watan Janairu 2021 wani kamfanin bincike mai suna deCODE a ƙasar Aislan ya fitar da sakamakon karanta kundin tagwaye masu kama ɗaya har 381, tare da na iyalansu. Sun gano cewa a matsakaicin lissafi, tagwaye sun bambanta da irin waɗannan sauye-sauye na farkon halitta guda 5 da 'yan kai, kuma a kimanin kashi 15 cikin 100, ɗaya yana ɗauke da sauye-sauye masu yawa da ɗan uwansa ba shi da su. Harafi biyar cikin biliyoyi kamar ƙwayar gero biyar ne a rumbu, yawanci ba sa canza komai. Sai dai wani lokaci harafi ɗaya, in ya faɗo a muhimmin wuri, yakan isa ya sa ɗaya ya sami wata larura ɗayan kuwa lafiya lau. Amsar ke nan a taƙaice: kundinsu ya yi kusa da zama ɗaya fiye da na kowaɗanne mutum biyu a duniya, amma bai zama ɗaya tak ba.

Inda tagwaye suka gagari alƙalai

Gwajin DNA da aka saba yi a kotu ba ya karanta kundin duka, wurare kamar 20 kawai yake dubawa, kuma a waɗannan wurare tagwaye masu kama ɗaya daidai suke. A watan Janairu 2009 ɓarayi suka shiga katafaren kantin KaDeWe a birnin Berlin na Jamus suka kwashe kayan ado na miliyoyin kuɗi. An tsinci safar hannu a wurin, gwaji ya nuna wasu tagwaye maza, amma aka kasa cewa ga wanda ya sa ta, dole aka sake su duka biyun. A 2019 kuma, a Jihar Goyas ta ƙasar Barazil, wasu tagwaye kowa ya ce ɗan uwansa ne uban wata yarinya da aka haifa ba aure, gwaji ya kasa raba gardama, sai alƙali ya ɗora wa dukansu ciyar da ita. A nan za ki ga hikimar shari'armu da ta rataya nasabar ɗa a kan aure. Yanzu masana suna da hanyar karanta kundin kaf har su tsinto 'yan haruffan da suka bambanta, sai dai aiki ne mai tsada da ba ko'ina ake yin sa ba.

Bambanci tun daga ciki

Ko da a ce haruffan sun zo daidai, zaman ciki kansa ba ya zuwa daidai. In ƙwan ya rabu a kwana ukun farko, kowane jariri yakan sami tasa mabiyiya da jakar ruwansa. In ya kai kwana 4 zuwa 8, wanda shi ya fi yawa, sai su haɗa mabiyiya ɗaya, kowa da jakarsa. In ya wuce haka sukan haɗa har jakar, in kuma ya yi jinkiri sosai sai a haife su a manne, kamar 'yan matan nan na Kano da aka raba a birnin Riyad na Saudiyya a watan Fabrairu 2024.

Masu mabiyiya ɗaya kamar mutum biyu ne a akushi guda, ba lallai loma ta zo daidai ba. Ɗaya yana iya samun kaso mai tsoka ya fito ɓul-ɓul, ɗayan ya fito ɗan firit. Akwai ma larurar da jini ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan ta jijiyoyin mabiyiyar, wadda ke samun kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan ciki, kuma tana iya hallaka su duka in ba a gano da wuri ba. Haka nan zanen yatsu, wanda ke samuwa tun jariri yana wata uku zuwa biyar a ciki, yana bin yadda yatsan ke girma da yadda jaririn yake kwance. Shi ya sa ba a taɓa samun tagwayen da zanen yatsunsu ya zo ɗaya ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ambaci daidaita kan yatsu a Suratul Ƙiyama.

Af, akwai wani kuskure da ya yaɗu. Ana cewa in mabiyiya biyu ta faɗo to ba masu kama ɗaya ba ne. Ba haka ba ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kama ɗaya kowa da tasa yake zuwa. Sannan mabiyiya biyu suna iya mannewa ungozoma ta ɗauka ɗaya ce.

Iri ɗaya, gona daban

Bayan haihuwa kuma sai rayuwa ta karɓi aikin. Manomi ya san cewa in ya raba irin dawa ɗaya, ya shuka rabi a fadama rabi a kan fako, ba zai girbe abu ɗaya ba. Jiki yana da wasu alamomi da yake ɗorawa a kan kundin gado, masu nuna wane shafi za a karanta wane za a rufe, kuma abinci, ciwo, hayaƙi da guba duk suna taɓa waɗannan alamomi. A 2005 wasu masana ƙarƙashin Manel Esteller na ƙasar Sifen suka duba mutum 80 tagwaye masu kama ɗaya, daga 'yan shekara 3 har zuwa 74. Ƙananan kusan ba a bambance alamominsu, amma manyan sun yi nisa da juna, musamman waɗanda ba su zauna wuri ɗaya ba.

Ba sai mun je Turai neman misalin yadda muhalli ke juya rayuwar yaro ba. Ga shi nan a gida.

Darasin Tungar Daji

A farkon 2010, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya sume, kafin a ankara rai ya yi halinsa. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar Na Gari Na Kowa, wato MSF, da ke yawon bibiyar cutar sanƙarau, suka ci karo da abin. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce. Ƙauyukan da aka fara ganowa su ne Dareta, Abare, Sunke, Duza da Tungar Daji a Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, daga baya Bagega ta biyo. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda.

Me ya jawo? Farashin zinari ya tashi, jama'a suka koma haƙa, duwatsun da ake samowa kuwa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yaro kuwa jikinsa yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, in kuma yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, zuƙar ta fi haka. An kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, Tungar Daji tana cikin waɗanda aka yi wa tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuma a 2013. An yi wa dubban yara maganin fitar da dalma, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar. Sai dai maganin yana rage gubar ne, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Yanzu mu ƙaddara tagwaye ne masu kama ɗaya a irin wannan ƙauye. Lokacin yaye ya yi, aka kai Hassana gidan kaka a wani gari kamar yadda muka saba, Hussaina kuwa ta zauna a gidan da ake dakan dutse. Bayan shekara biyar, ɗaya tana haddace karatu a allo, ɗayar ana ta maimaita mata ba ya zama. Kundinsu na gado kusan ɗaya ne, ƙurar tsakar gida ce ta raba su. Mutane za su ce ai Hussaina daƙiƙiya ce, ko an yi mata asiri, ko aljanu ne, alhali abin da ya same ta ana iya kauce masa. Ba komai ne gado ba, kuma ba duk abin da ya sami yaro ne daga jini ba.

Kada uwargidan birni ta ce ba ruwanta. Dalma tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki ta fito ta bi ta mabiyiya zuwa ga jariri. Sannan akwai kwalli. A 2011 an sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa, da aka gwada tozalin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Tagwaye biyu, tozali ɗaya, ki lissafa.

Abin da ya kamata uwar tagwaye ta riƙe

Na ɗaya, ki fara awo da wuri. Hoton cikin da aka ɗauka wajen mako na 11 zuwa 14 shi ya fi nuna ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu. In ɗaya ce, likitoci sukan so a riƙa dubawa duk bayan mako biyu daga mako na 16. Cikin tagwaye ya fi zuwa da ƙarancin jini, hawan jini, jijjiga da zubar jini bayan haihuwa, kuma fiye da rabinsu kafin cikar mako 37 ake haifarsu. Don haka ki shawarci maigida tun da wuri a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini, a haihu a asibiti.

Na biyu, kowa a yi masa nasa gwajin sikila. Tagwayen ƙwai biyu ɗaya na iya zama AA ɗayan SS, kuma ido ba ya isa ya tabbatar miki wane iri ne naki. Ko dukansu SS ne, ciwon yana iya tsananta wa ɗaya fiye da ɗayan.

Na uku, kada ki ba lafiyayye magani don ɗan uwansa na ciwo. Abin da ke sa su kwanta tare ba kofi ba ne, sauro ɗaya ne ke cizonsu, ruwa ɗaya suke sha, tabarma ɗaya suke kwana. In kuwa dukansu ne ba lafiya, maganin yara da nauyi ake auna shi, ƙaramin ba zai sha na babban ba. Ki ɗiga wa ɗaya lalle a farce don kada cikin dare ki ba mutum ɗaya sau biyu, kuma kowa da katinsa na riga-kafi. Kunama kuwa ba ta san Hassan ba balle Hussaini, a kiyaye.

Na huɗu, nononki zai ishe su in kina ci kina ƙoshi, domin yawan tsotso shi ke kawo yawan ruwan nono. Yawon bara da tagwaye a rana da ƙura ba addini ba ne, ba magani ba ne, sai ma jawo musu ciwo. Mai son taimaka wa uwar 'yan biyu ta same ta a ɗakinta.

Na biyar, in kina zaune a yankin da ake haƙar zinari, kada a shigo da dutse ko turɓayarsa cikin gida, kada a haɗa turmi ko injin abinci da na dutse, maigida ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yara, a riƙa wanke hannun yara kafin su ci abinci. Riga-kafi ya fi magani.

Na ƙarshe, addini ya umarce mu da adalci tsakanin 'ya'ya, amma adalci ba shi ne komai iri ɗaya ba. Ɗinka musu anko ba laifi, sai dai ki kira kowa da sunansa, ki san abin da kowa yake so, ki daina cewa me ya sa ba ki zama kamar 'yar uwarki ba. In ɗaya ta yi jinkirin tafiya ko magana, a kai ta asibiti a duba, kada a zauna ana cewa ai za ta bi sawun 'yar uwarta. Hausawa sun riga masu bincike faɗa, kama da wane ba ta wane. Allah Ya halicce su da kama ɗaya, amma Ya ba kowa ransa, da rabonsa, da littafin ayyukansa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya jiƙan yaran da muka rasa a Tungar Daji da maƙwabtanta, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.